Famfon Ciyaman

Da Ciyaman Tanimu ya gina famfo a ƙauye, sai ya kira Barau mai gadi.

"Duk wanda bai zaɓe ni ba, kar ya ɗebi ko ɗigo. Ka zaƙulo min su, ko ka bar aikin."

Barau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai an sanar cewa kowa a garin nan kai ya zaɓa. Har babana, Allah ya jiƙansa, ya taso ya dangwala maka."

"To, sai me?"

"In na hana mutum ɗaya ruwa, na ƙaryata sakamakon da ya ɗora ka a kujera. In fara?"

Ciyaman ya share zufa. "Bar kowa ya sha."

"Godiya muke. Baba ma in ya sake tasowa, zan cika masa tulu."