Hannun Nomau da Ɗanyen Gini

An ce wai a wani birni an yi wani sarkin magina, Barau, wanda bakinsa bai san "sannu da aiki" ba. Tsarinsa guda ne: duk wanda ya riga gama rabonsa, sai a jibga masa na wanda bai gama ba. Ragwaye suka gane, suka koyi jan ƙafa, nauyi duk ya koma kan Nomau, maginin da ya fi kowa saurin hannu. Wata bakwai bai ga hutun Juma'a ba. Yana kan katanga aka raɗa wa 'yarsa suna. Tun yana jera tubali yana waƙa har ya daina, tun yana gaisuwa har ya koma kallo kawai.

Wata safiya ya ɗauki tubali, ya dube shi, ya ajiye, ya zauna a ƙasa. Barau ya yi zagi, ya yi barazana, ko gezau. Nan take ya ja shi gaban Alƙali Malam Zubairu, ya nemi a yi masa bulala a kore shi daga sana'a, wai ba ciwo ba rauni, tsabar raini ne.

Alƙali ya tambayi Nomau me ya same shi. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma ban sani ba. Hannun na aika, ya ƙi zuwa."

Alƙali ya saurari sauran magina, sannan ya juya ga Barau. Ya ce kafin hukunci akwai katangar bayan gidansa, shi alƙalin, da ta zube, yana son a tashe ta tun daga tushe har sama kafin la'asar.

Barau ya yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, ai ba a haka. Tsayin kamu biyu ake ginawa, a bar shi ya sha iska ya bushe, sannan a ɗora. In aka matsa wa ɗanyen gini, ciki zai yi ya rufta."

"In ya rufta, laifin ƙasar ne?"

"Ina! Laifin magini ne."

Fuskar alƙali ta sauya. Ya ce, "Ashe ka sani. Kana tausayin ƙasar da ka kwaɓa da ƙafarka, kana ba ta kwanakinta ta huta, amma ɗan Adam da Allah ya halitta da ƙasa ya busa masa rai, shi ka yi wata bakwai kana ɗora wa ba ka bari ya bushe ba. Yanzu ya rufta, ka kawo mini shi in doka? Da bakinka ka faɗi mai laifi."

Ya yanke cewa Nomau ya huta kwana arba'in, Barau ya ciyar da gidan Nomau, ya kuma hau katanga da kansa ya yi masa rabonsa. Daga ranar, wanda ya gama nasa ya wanke hannu ya tafi gida.

Shugaban da ke saka wa mai ƙwazo da ƙarin kaya, ragwaye kaɗai za su rage masa a tsaye.