Hayaƙin da Malam Arzika Ya Ɓoye

Akwai wani manomin albasa a Mandera, ta ƙasar Shagari, ana ce masa Malam Arzika. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, ya ƙi jinin a ga gazawarsa. Irin mutanen nan ne da ko da yunwa suka kwana, da safe sai ka gan su a ƙofar gida suna sakace.

Matarsa Safinatu sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A wani ɗan ɗakin girki marar taga take yi, da kara da itace, kullum da goyon autarsu Nana Fatima a baya. Yarinyar nan ita ce ran Arzika. In ya dawo daga gona ita yake fara tambaya kafin ruwan sha. Tana yawan tari, amma kowa ya ce sanyi ne.

Wata shekara sai ga masu bincike daga jami'a suna zagaya ƙauyukan Bodinga da Shagari, suna auna yawan hayaƙin da mata da yara ke shaƙa. Jagorarsu wata 'yar Bodinga ce, Malama Bahijja. Ba za su iya shiga kowane gida ba, shi ya sa a kowane ƙauye suke zaɓar 'yan gidaje. A Mandera har da gidan Arzika.

A zaure Bahijja ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta fito da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba.

Ta ce, "Malam, wagga Yaya Safinatu za ta rataya ga wuya, duk inda tash shiga ta shiga da ita. Abin da ta auna za mu sa ga kwamfuta, mu haɗa da irin makamashi da irin ɗakin girki, sai ta kintata muna na gidajen da ba mu shiga ba. Ke nan gidanku shi ka tsaya ma sauran gidajen masu tuya."

Duk bayanin nan, jimlar ƙarshe kawai Arzika ya riƙe. Gidansa ne zai wakilci gari!

Baƙi na tafiya ya leƙa ɗakin girkin daga bakin ƙofa, abin da ya daɗe bai yi ba. Bango baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga rufi. Kunya ta kama shi. Ya miƙa hannu ya zare na'urar daga wuyan Safinatu.

"Wanga ɗaki za a kai birni, a ce gidan Arzika na? Ba a sauke baƙo ga madahi."

"Malam, cewa hwa ta yi kar in cire."

"Na ji abin da tac ce. Ni ad da gida ko ita?"

Ya kai na'ura turakarsa, ya rataye ta a ƙusa kusa da taga, inda iskar dogonyaro ke kaɗawa. Bai tsaya nan ba, ya bi sauran magidantan da aka zaɓa ya raɗa musu su yi haka, kada a mai da Mandera abin dariya. Suka bi shi, don ana jin maganarsa.

Bayan an karɓe na'urori Bahijja ta kira shi a waya. Ta ce awon ya ba ta mamaki, kamar ba a hura wuta a gidan. Ko an cire?

"Haba Malama, da girmana in yi miki ƙarya? Matanmu dai sun iya wuta."

Ta duba ta ga sauran gidajen Mandera ma haka suka nuna, ga kuma dattijo ya ba da kalmarsa. Ta karɓa.

Bayan an cire albasa aka kira taro a Shagari, aka haska taswirar awon a bango, ja inda hayaƙi ya yi yawa, kore inda babu. Dingyadi ja. Sifawa ja. Mandera kore shar. Arzika ya gyara hula, ya zunguri wani mutumin Dingyadi da ke kusa da shi ya ce in suna son koyon tsabta ƙofa a buɗe take.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Aka sanar cewa murhu mai bututun fitar da hayaƙi, da likitocin da za su duba ƙirjin mata da yara, za su fara da inda ya yi ja. Masu kore su dakata, kayan ba su isa kowa ba.

Nan fa hula ta yi wa Arzika nauyi. Ya san gaskiya, kuma da ya ɗaga hannu a lokacin da an gyara. Amma ya dubi mutumin da ya gama zolaya, ya haɗiye maganarsa. Wallahi wannan shirun ya fi ba ni haushi a kan cire na'urar.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata hantsi sai ga mota a ƙofar gidansa. Bahijja ce, ta ɗebo matan Dingyadi su zo su ga yadda Safinatu ke tuya ba hayaƙi, su koya. Arzika na zaure. Ba a korar baƙi, sai ya yi musu iso.

Safinatu na tsakiyar tuya. Matar farko da ta sa kai cikin ɗakin ta fito da gudu tana tari, tana share ido da mayafi.

Bahijja ta tambaya a hankali, "Yaya, nan kika rataya na'urar?"

Safinatu ta sunkuyar da kai. "Ni nic cire ta, Malama. Nauyi ta yi min. Ku yi haƙuri."

Daga zaure Arzika ya ji ta. Matar da ya hana faɗin gaskiya ita ce ke ɗaukar laifinsa a gaban baƙi don ta rufa masa asiri. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, bai iya kallon kowa ba.

"Ba ita ba ta. Ni na. Turakata tak kwana, kuma ni nis sa sauran gidaje su yi haka."

Bahijja ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Hankalinta na kan goyon. Ta kara kunne a bayan Nana Fatima, ta ji ƙirjin na fito kamar usur. Ta ce, "Malam, ɗiyag ga a kai ta asibiti yau, ba gobe ba."

A asibiti aka kwantar da yarinya. Likita ya ce hayaƙi ya daɗe yana cin ƙirjinta, kuma da an duba ta da wuri da bai kai haka ba. Allah Ya taimaka ta tashi, sai dai an sallame ta da abin shaƙa, wanda har yau ba a rabuwa da shi.

Aka sake awo, Mandera ta fito ja, har ta fi Dingyadi. Amma kason farko ya riga ya ƙare, sai matan garin su jira wani zagayen. Arzika da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa mutane dalili. Maƙwabcinsa Ummaru, wanda ba a ma shiga gidansa ba, ya ce masa, "Kai kaɓ ɓoye naka hayaƙi, matanmu ka shan nasu."

Ranar da Safinatu ta koma tuya, sai ta ga Malam ya shigo ɗakin girkin ya ja kujera 'yar tsugune ya zauna. Ya ce yana so ya ji abin da ya hana na'urar ta ji. Ko kaskon farko bai soyu ba ya fito a guje, ido ya yi ja, hawaye da majina, yana riƙe da bango.

Safinatu ta biyo shi da ruwa a moɗa. Ba da gatse ba, a hankali ta ce, "Malam, kai ka samu ka hita. Ita Nana Fatima ɗaure take ga bayana."

Bai sha ruwan ba. Ya shiga ya ɗauko diga, ya fara fasa taga a bangon.

Darasi: Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In masu neman lafiyarka suka zo aunawa, nuna musu yadda kake, don awon gidanka na iya zama awon gari guda, kuma kunyar da ka guje wa yau wani marar laifi ne zai biya ta da ƙirjinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman magidantan da suka manta rabon da su leƙa inda ake dafa musu abinci.