Ruwan da Ya Hana 'Yarsa Shiga

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku. Masu latsa waya a sahun baya, ku ajiye ta, ba za ta gudu ba.

An yi wani mutum a nan Zongon Kumasi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin abin da ya same shi ya ishe shi. Sana'arsa kula da tafkin ninƙaya, irin wanda ake ginawa a otal, a shimfiɗa masa tayil shuɗi, yara su biya su shiga. Ya koyi aikin a hannun wani dattijo, Baba Seini, wanda ya shekara talatin yana yi ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Ruwan tafki ba ya gudu kamar na kogi. Mutum ɗari su shiga da guminsu da man shafawarsu, da abin da yara ke yi a ciki ba sa faɗa, duk nan yake zama. Abin da ke kashe wannan ƙazanta shi ne kulorin, wani ruwan magani mai kaifin wari da ake sayarwa a galan. Maganin nan ba ya son rana, ba ya son daɗewa. Sabonsa in ka buɗe murfi sai ka kau da fuska. In ya sha zafi wata biyu ko uku sai ya salance, ya rage sai suna.

Baba Seini yana da wata al'ada. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, sai ya ciro wani tsohon sule, farin kuɗin ƙarfe na zamanin da, ya jefa shi inda tafkin ya fi zurfi, ya tsaya a baki ya leƙa. In ya hango shi sarai a ƙasa, a buɗe. In bai hango ba, ko mai otal zai yi birgima, ba mai shiga. Ranar da tsufa ya sa zai koma gida arewa, ya danƙa wa mutumin nan sulen, ya ce, "Ɗana, ga aikin nan duka a tafin hannunka. Ruwan da ya ɓoye sule zai ɓoye mutum."

Shekara biyu mutumin yana riƙe da amana. Manajan otal ya ba shi kuɗin kulorin sabo, ya je wurin dillalin gaskiya ya sayo da hatiminsa. Ruwa garau, har ana zuwa daga Bantama don a yi hoto a bakinsa.

Rannan ya kai injin tace ruwa gyara a Suame Magazine, unguwar masu gyaran injuna da motoci, sai ya haɗu da wani Fadil, mai ɗan shago a bayan makanikai. Fadil ya ja shi gefe ya nuna masa galan-galan jere a ƙarƙashin rufin kwano mai zafi.

"Masta, duba nan. Galan ɗaya, launi ɗaya, wari ma ga shi. Rabin kuɗi ne fa. Wa zai ɗanɗana?"

Mutumin ya buɗe ɗaya ya shinshina, ko ƙifta ido bai yi ba. Ɗan sana'a ne, nan take ya gane kwantai ne da ya sha rana, aka kuma ƙara masa ruwan famfo. Kada wani ya ce an cuce shi. Ya sani, wallahi ya sani. Ya mayar da murfin, sannan ya ce, "Yoo. Sa mini shida."

Ku da kuke kasuwa, ku auna mini wannan ciniki. Galan uku na Fadil ba su yin aikin ɗaya na gaske. Ashe mai rabin kuɗin nan shi ne mai tsada, ko a lissafin duniya. Araha ba ta ado. To shi ko ukun ma ba ya zubawa, ɗaya yake zubawa a gurbin ɗaya, don kada manaja ya ga magani yana saurin ƙarewa ya yi tambaya. In ruwa ya fara gurɓacewa sai ya watsa alam, irin wanda mata ke sa wa ruwan rijiya, datti ya kwanta, ido ya ga haske. Ƙwayar cuta kuwa tana nan daram.

Rarar da yake sokewa ta saya masa babur. Ya fara aza bulo a wani fili a Buokrom. Mutane suna cewa Allah Ya buɗa masa, shi kuma yana amsawa da "Alhamdulillahi", ko kunyar kalmar ba ya ji.

Allah bai bar shi ba gargaɗi ba. Yara suka fara komawa gida da jan ido. Wata uwa ta zo tana faɗa, kunnen ɗanta yana ruwa. Ya ce mata yaron ne ya daɗe a ciki. Sulen Baba Seini kuwa ya daina fita daga aljihu, don ya san amsar da zai ba shi.

Mutumin nan yana da 'ya guda, Mubina, shekararta bakwai. Ita ce sanyin idonsa. In ya dawo aiki ita ke cire masa takalmin roba tana tambaya, "Baba, da gaske ruwanku shuɗi ne? Yaushe za ka kai ni?" Kullum amsa ɗaya, "Ba yanzu ba." Har matarsa Kausara ta gaji ta sa baki.

"Baban Mubina, 'ya'yan mutane suna ta zuwa, taka ce kaɗai ba za ta ga wurin ba?"

Ya daka mata tsawa. "Na ce ba za ta shiga ruwan nan ba! Kada in sake ji."

Bai faɗi dalili ba. Ta yaya zai faɗa? Kausara ta ɗauka kunya yake ji kada 'yarsa ta gan shi yana goge tayil.

Ku tsaya nan, ya 'yan uwa. Ruwan da bai yarda 'yarsa ta tsoma ƙafa ba, shi yake buɗe wa 'ya'yanku ƙofarsa kowace Asabar. Naku ba 'ya'ya ba ne? Daga sama suka faɗo?

Sai ga Sallah ta zo. Kun san yadda muke yi a nan, washegarin Sallah kowace unguwa sai ta cika mota da yara a tafi wanka. A daren da za a wayi gari a tafi wankan aka tafka ruwan sama irin na Kumasi, ya wanko ƙasa da ganye cikin tafki. Da a ce maganin gaske ne a ciki, da sauƙi. Da safe mutumin ya tarar da ruwa ya yi fari-fari kamar an dama koko a ciki. Ya watsa alam, amma alam yana son lokaci, lokaci kuwa babu.

Manaja ya zo da gudu. "Yara ɗari biyu ke tafe. Za a iya buɗewa?"

Mutumin ya sa hannu a aljihu ya taɓa sulen. In ya ce a rufe, manaja zai tambayi yadda galan shida sababbi suka kasa, zai kira masu gwaji, a buɗe sito, asiri ya tonu. Ya zare hannunsa wayam ya ce, "A buɗe. Launi ne kawai, zai washe."

Sannan ya sulale ya tari pragiya, keken nan mai ƙafa uku, ya nufi dillalin gaskiya don ya sayo magani mai kyau a ɓoye ya gyara ɓarnarsa. Ranar biki ce, shago a rufe, sai da aka nemo mai shi a gida. Hanya kuma a cushe. Bai dawo ba sai bayan azahar.

Abin da bai sani ba, ƙanwarsa Barkisu ta zo gida da safe za ta kai 'ya'yanta wanka a otal ɗin da yake aiki. Mubina ta yi ta kuka, Kausara ta tausaya, ta ɗaura mata sabon ɗankwalin Sallah ta ce, "Je ki, ki ba babanki mamaki."

Yana sauke galan a ƙofar otal ya ga mutane suna ta kai da komo. Wasu na leƙa bayi, wasu na tambayar mai askirim, wasu sun fita titi suna kiran suna. Barkisu ta taho a guje, mayafi a hannu.

"Yaya! Mubina! Na juya in ba autana ruwan sha, ban sake ganinta ba. Mun fi rabin awa muna nema!"

Duk taron nan shi kaɗai bai dubi titi ba. Shi kaɗai ya san inda ba a duba ba. Ya yar da galan, ya keta mutane, ya faɗa wuri mai zurfi da rigarsa da takalminsa. Wanda aka ajiye don ceton mai nutsewa yana zaune a kujerarsa tun safe, idonsa a kan ruwa, amma ido ba ya wuce kamu ɗaya a ruwan nan. Yara suna ta iyo a sama suna dariya. A ƙarƙashin ƙafafunsu ya laluba da hannu, ya taɓa ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A babban asibitin Bantama likita ya ce da an gan ta da wuri, da an yi wani abu. Bai san da wanda yake magana ba. Kafin a kai ta maƙabartar Tafo a rufe, mutumin da bakinsa ya faɗa wa 'yan sanda komai, ba wanda ya matsa masa. Aiki ya tafi, filin Buokrom ya tafi a shari'a. Kausara ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi masa ranar da 'yan uwanta suka zo ɗaukarta: "Tun da ka sani, me ya hana ka gaya mini?"

Na san wani zai ce kwananta ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ajalinsa. Amma ajali na Allah ne, algus naka ne, kuma a kan naka za a tsayar da kai. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nesanta kansa daga mai algus. Kai mai sa tsohon birki a kwalin sabo a Magazine, wa ya gaya maka mahaifiyarka ba za ta hau motar ba? Ke mai sake tafasa miyar shekaranjiya ki sayar, me ya sa kike dafa wa naki dabam? Duk abin da kake hana ɗanka kana miƙa wa ɗan wani, to ka riga ka yanke wa kanka hukunci.

Mutumin nan shi ya ce in ba ku labarinsa. Ya same ni bayan wata Juma'a, ya rame, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini sulen. Ya ce, "Malam, a waccan safiyar yana aljihuna. Na taɓa shi. Jefawa kawai zan yi."

Allah Ya ji ƙan Mubina, Ya ba mahaifiyarta haƙuri, Ya karɓi tuban ubanta. Allah Ya tsarkake mana abin da muke kaiwa gida, Ya kiyaye mu da ribar da za mu biya da 'ya'yanmu. Amin.