Ranar da Kuramochi Ya Kwance Fendar Yayansa

Akwai wani dattijo a unguwarmu a Takasaki ta ƙasar Japan, Kuramochi, wanda tun da ya ajiye aikin tuƙin bas ya kasa koyon zama. Irin mutanen nan ne da in sun ɗora ruwan shayi sai sun buɗe murfi sun ga abin da ya hana shi tafasa.

A garejinsa akwai tsohuwar mota mai inji a baya, gadon yayansa Isamu. A kan fendar dama ta gaba, ƙarfen nan da ya rufe taya, Isamu ya rubuta sunansa da lambar tserensa da burushi tun yana saurayi. Fentin ya dushe, amma Kuramochi ko tsumma ba ya bari wani ya kai wurin. Rubutun hannun yayansa da ya rage a duniya ke nan.

Duk kaka abokan marigayin kan hau dutsen Haruna da tsofaffin motocinsu don tunawa da shi. Bara motar ta ɗauki zafi a tsakiyar hawa, aka bar Kuramochi a gefen titi yana sunkuya wa masu wucewa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Bana sai ya sayo ɗan lagireton sanyaya baƙin mai, da dogayen bututu biyu da za su taso daga inji, su bi ta ƙarƙashin ƙofa, su shige bayan fendar. Ba yadda za a sa su sai an kwance ta.

Fenda ba wani nauyi gare ta ba, amma in notin ƙarshe ya fita dole a sami mai tallafe ta. Mijin 'yarsa ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar ya kama masa.

Asabar ta yi wa Kuramochi nisa. Ya shiga gareji, ya fito, ya jera sifanu, ya sake jera su. Matarsa Fumie ta kawo masa dunƙulen shinkafa, ya ci a tsaye.

"Baban yara, ka zauna mana. Motar da aka ɗage a kan jak, ina za ta je?"

"Bamba kawai zan cire. Bamba ai ba fenda ba ce."

"Haka ka ce jiya a kan ƙarfen ƙasan ƙofa, ga shi can jingine da injin wankina."

Ƙarar sifana ce ta jawo maƙwabcinsa Nagumo, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai kunya har ta yi yawa. Ya leƙo ta kan shinge, ya ce idan ana buƙatar hannu, shi ba abin da yake yi.

To, a nan ba a karɓar tayin taimako a karon farko. Ka ce a'a, a sake yi maka, ka ɗan noƙe, sannan ka karɓa. Kuramochi ma a'a ɗin al'ada ya yi niyya. Sai dai kansa na ƙarƙashin mota, wani noti mai tsatsa ya ɓata masa rai, muryar ta fito a tsawace.

"A'a, maƙwabci, kada ka damu!"

Nagumo ya sunkuya, ya ba da haƙurin katse masa aiki, ya janye.

Kuramochi ya yi ta jiran tayi na biyu. Ya kwance noti ya dubi shinge, ya kwance wani ya sake duba. Shiru. Har tari ya yi na ƙarya. Fumie ta ce ya ɗaga murya ya kira mutumin nan kawai, ya ce da wane ido, bayan da bakinsa ya ce a'a? Ta ce to ya jira Asabar. Ya ce ai sassauta notocin kawai yake yi.

Ni dai na san sassautawar Kuramochi. Kafin rana ta karkata saura noti ɗaya, fenda na lilo.

Ya tsaya yana kallonta. Barinta a haka ya gagare shi, kira ma ya gagare shi. Sai ya tokare ta da gwiwa, ya miƙa hannu ya warware na ƙarshen. Fenda ba ta motsa ba, tsohon ƙaron da aka liƙe ta da shi ya riƙe. Mai haƙuri da ya ɗauko wuƙa ya yanka a hankali. Shi fizga ya yi.

Ta saki gaba ɗaya, ta zame daga gwiwarsa, ta faɗi a kan bakin dakalin siminti. Ƙarfen ya lanƙwashe daidai kan rubutun, fentin ya farfashe kamar ɓawon ƙwai. Rabin sunan Isamu ya zube a ƙasa.

Ya durƙusa yana tsintar ɓarɓashin yana tarawa a tafin hannu. Ƙarfe ana miƙe shi, wannan ya sani, amma hannun da ya yi rubutun ba zai dawo ba. Dattijon ya fashe da kuka, bai ko damu da wa ke ji ba.

Nagumo ya shigo da gudu. Da Kuramochi ya ɗago kai, sai ya ga safar aiki a hannuwan maƙwabcin, duk ta jiƙe da gumi.

"Tun da na koma na saka ta," in ji Nagumo, murya ƙasa-ƙasa. "Ina tsugune a bayan shingen nan, ina jira ka ce zo."

Darasi: Gaggawa da jin nauyin neman taimako in suka haɗu, abin da ka fi ƙauna suke fara lalatawa. In aiki na mutum biyu ne, ka jira ko ka buɗe baki ka kira. Kai kuma mai son taimakawa, kada a'a ɗaya ta mayar da kai bayan shinge. Ku tura labarin nan ga wanda kuka san gara ya wahala da ya ce a kama masa.