Layin Abbagana a Hannun Mai Bandar Kifi

Abbagana mutumin Nguru ne, direban tankar ruwa a Jidda. Allah ya ba shi ƙwazo da haƙurin aiki, sai dai bai yarda da kowa ba. Tun yana gida haka yake. In ya sayi tsire sai ya ƙirga yankan kafin ya je wanke hannu. Mu abokansa mukan ɓoye yanka ɗaya don kawai mu ga yadda zai birkice.

Kafin ya tafi Saudiyya ya buɗe asusu a wani banki, bai gaya wa kowa ba. Duk ƙarshen wata sai ya kai riyal wurin ɗan canji a tura masa naira cikin asusun, ya duba wayarsa ya ga kuɗi sun hau, ya yi murmushi. Shiga kawai, ba fita. In yayansa Ahmed ya kira daga gida kuwa, amsar ɗaya ce: "Ya Ahmed, ƙasar nan sai a hankali, lallaɓawa kawai ake yi."

Layinsa na Najeriya, wanda ya yi rajistar asusun da shi, ya cire ya jefa a aljihun jaka. Bai san in layi ya daɗe a ajiye kamfani kan karɓe ya sayar wa wani ba.

Bayan shekara uku Ahmed ya kira da wata irin murya. Ƙafafun Iya, mahaifiyarsu, sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce, a kai ta Kano wankin ƙoda kafin mako ya ƙare. Nan Abbagana ya zabura zai tura kuɗi. Banki ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa layinsa. Ya zaro tsohon layi ya sa a waya, shiru, ya mutu murus. Ya kira banki, suka ce sai ya zo da kansa. Uban gidansa kuma ya ce ba hutu sai bayan wata biyu. Da dabara ta ƙare, sai ya buga lambar tsohon layin nasa. Abin mamaki, ta shiga.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Kai da ka kira kake tambaya? Fanne ce mai banda, bakin kogi, Gashuwa. Kwali nawa kake so?"

"Baiwar Allah, ba kifi nake nema ba. Layin nan nawa ne."

"Naka? Da kuɗina na saya, har hotona suka ɗauka."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya roƙe ta ta karanto masa lambar da ta shigo.

"Au, kuɗin da ke sa wayata kuka duk wata?" in ji Fanne. "To ba na karantawa. Wata ba ya wucewa sai wani ya kira ya ce daga banki yake, in karanto lamba. Wani ma har kuka ya yi mini, wai uwarsa ba lafiya. Kuɗin wani bawan Allah ne da ke can yana shan wahala. Ban san shi ba, amma ba ta hannuna za a cuce shi ba."

"Ai ni ne bawan Allahn!"

"Duk haka suke cewa."

"Zan ba ki dubu ɗari biyar."

Ta yi dariya har da tari. "Mai cirar kuɗi na kasuwa ya ce in ba shi wayar minti biyar mu raba biyu, ban ba shi ba, sai kai? In da gaske kake, turo naka in gani da idona. Wa ya san da kuɗin nan a gidanku?"

Abbagana ya ce, "Babu."

"To ka ji," ta ce, ta kashe wayarta.

Yini guda yana juya maganar, yana kira tana ƙin ɗauka. Da ya ga rana na tafiya, Iya na kwance, sai ya haɗiye girman kai ya kira Ahmed ya faɗa masa komai.

Washegari da sassafe Ahmed ya shiga motar Gashuwa. Ya tarar da Fanne cikin hayaƙi tana juya tarwaɗa, dattijuwa ce 'yar siririya, wayar ɗaure a bakin zani. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ma ban san ka ba. Ina marar lafiyar?" Ta bar wa maƙwabciyarta kifin, ta yafa mayafi, ta biyo shi har Nguru.

Da ta shiga ɗaki ta ga ƙafafun Iya, sai ta durƙusa ta gaishe ta. Ahmed ya kira ƙaninsa ta bidiyo ya nuna wa Iya.

"Iya, wannan ɗanki ne?" Fanne ta tambaya.

"Shi ne. Abbagana, ka rame."

Sai a lokacin ta kwance bakin zani ta miƙa wayar. Lamba ta shigo. Ahmed ya buɗe, idonsa ya faɗa kan saƙon da ke sama, wanda ya nuna abin da ke cikin asusun. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, kuɗi suka shigo asusun Ahmed nan take.

"Abbagana," ya ce a hankali, "bara da na sayar da injin ban-ruwana na sai wa Iya magani, kuɗin nan suna nan?"

"Suna nan, Yaya."

"To. Allah ya ƙara arziki."

Fanne ta buɗe bayan wayar, ta zare layin ta ɗora a tafin hannun Ahmed.

"Masu sayen kifinki fa, Baba?" ya ce.

"Sun san hanyar bakin kogi. Ni dai na gaji da gadin dukiyar da ba tawa ba."

Abbagana na ta magiya daga waya ta ba shi lambar asusunta. Ta ce, "Asusun me? Ba ni da shi. A ba ni kuɗin mota, kifina na kan wuta."

Da la'asar aka wuce da Iya Kano, Allah kuma ya sa da sauran kwana. Abbagana yana turo kuɗi yanzu a kan kari, ya ma saya wa Ahmed sabon inji. Amma har yau in ya kira, Ahmed kan amsa gaisuwa ne kawai, ya ce, "Ga Iya," ya miƙa mata wayar.

Darasin da ke nan, jama'a, shi ne taka-tsantsan daban, zargin kowa daban. Mutumin da ya ɓoye wa jininsa sirrinsa, sai ga dukiyarsa shekaru a bakin zanin matar da bai taɓa gani ba, Allah ya tsare masa ita da amanar da shi ya rantse babu ita a duniya. Kai da ke neman halal a ƙasar waje, ka kula da layinka da asusunka, ka kuma samu mutum ɗaya na gida da ya san inda ka ajiye. Kuɗi in sun maƙale akan samu hanya, amma zuciyar ɗan'uwa in ta rufe, babu lambar da za a turo maka ka buɗe ta.