Gungun Baure da Zaɓen Masu Unguwanni

An yi wani sarki, Zubairu, wanda kakansa ya ba Sarkin Ƙetare aron tsibirin Gungun Baure na shekara saba'in. Saura shekara ɗaya wa'adi ya cika, sai Sarkin Ƙetare, wanda bai taɓa tambayar mutanen tsibirin ko me suke so ba, ya wayi gari da tausayinsu, ya ba su izinin zaɓen masu unguwanninsu da kansu.

Wasiƙu suka yi ta haye kogi tsakanin sarakunan biyu, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi, har Sarki Zubairu ya rantse zai tuɓe zaɓaɓɓun ranar karɓar garin. Ya aiki Waziri Haladu ya rubuto sunayensu.

Waziri ya isa ya tarar da jirage cike da tukwane da tabarmi. Wani tsohon masunci, Tanimu, wanda unguwarsa ta zaɓa, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mun san ba don Allah aka ba mu zaɓen nan ba. Amma mun ɗanɗana. In za a karɓe, gara mu bi ruwa tun da mutuncinmu." Hankalin Waziri ya tashi ƙwarai, domin ya ga ubangidansa na shirin gadon kango.

Ya komo da takarda ba suna ko ɗaya. Sarki ya fusata ya ce, "Waziri, ka manta al'adarmu? An hana mai aron gona dasa itace a cikinta!"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, haƙiƙa Sarkin Ƙetare ya keta al'ada, kuma da gangan ya keta. Sai dai al'adar ba ta tsaya nan ba: idan ya dasa, itacen na mai gona ne. Da izgili ya dasa, yana jiran ka sare, duniya ta ce shi ne adali. In ka ba itacen ruwa, kai za a tuna."

Sarki ya yi murmushi, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri.

Ranar miƙa mulki Tanimu ne ya riƙe igiyar jirgin Sarki, matan garin kuwa suna ta mayar da tukwanensu gida. Masu hikima suka ce, haƙƙin talakawa ba ya zama haram don maƙiyi ne ya fara ba su.