Kwalbar da Mode Ya Ɓoye Bayan Randa

Akwai wani direba a Tudun Wada ta Sakkwato, sunanshi Mode. Abin ya daɗe, tun zamanin soja na farko-farko, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa amma man kanshi yake wuyar samu. Don Allah kar a tambaye ni inda na ji. Na ji dai.

Mode yana da akori-kura, yana kwasar lebura zuwa Kalambaina, wurin kamfanin siminti. Ƙurar dutsen can ba ta raga wa mota. Kwana kaɗan filtar iska ta toshe, mota ta fara tari. Shi kuma ba ya zuwa gareji, a ƙofar gida yake canzawa da hannunshi.

To lokacin soja sun hana ɓoye fetur. Wanda aka kama, bulala ce a bainar jama'a, wani ma a tafi da shi. Mode yana da jarkar fetur ƙarƙashin gado. Ko matarshi Tani ba ta sani ba, don ya ce mace ba ta riƙe magana. Ga shi katanga ɗaya ta raba su da Kofur Irmiya, soja, da matarshi Monika da 'yarsu Rifkatu.

Wata Asabar da la'asar ya sayo sabuwar filta. Ya kwance murfi, ya ciro tsohuwar, ta yi fari fat. Gwangwanin da take zama ciki duk ya daskare da ƙura da maiƙo, sai an wanke da fetur. Ba ya son a ga jarka, sai ya ɗauki kwalbar kananzir ta Tani da ta ƙare, ya shiga ɗaki ya cika ta.

Tani ta ce, "Malam, kananzir ka samo muna?"

Ya ce, "Ke dai yi aikinki."

Ya wanke gwangwani, ya goge, ya sa sabuwar filta, ya ɗaure. Fiye da rabin kwalba ya rage. Ya tura ta bayan randa, ya fita gwada mota.

Yana fita Rifkatu ta yi sallama. Yarinya ce mai surutu, ba ta wuce shekara tara ba.

"Inna Tani, wai in ji Mama, a taimaka mana da kananzir, fitila ta bushe."

"Ku kullum fitila ta bushe, sha kuke yi?"

"Baba ne yake sha," in ji Rifkatu, suka yi dariya.

Tani ta ga inda mijinta ya ajiye kwalba. Ta miƙa mata duka. Haka suke da Monika, yau gishiri, gobe ashana.

Rana ta yi ja Mode ya dawo. Ya leƙa bayan randa.

"Ina kwalbag ga?"

"Na ba ɗiyar Monika."

Mode ya dubi katanga. Ya san da an kira magariba za su kunna fitila. Taku nawa ne zuwa gidan? Ko ta kan katanga ya ɗaga murya za su ji. Amma me zai ce? Fetur ne? A gidan soja?

Ya ce, "Tahi ki amso ta."

"In amso abin da na bayar da hannuna? Wallahi ban iya wagga kunya. Mi ad da kwalbar?"

"Ba komi. Tawa ta."

"To da sahe in amso."

Ya fita ƙofar gida. Ga Kofur Irmiya zaune a benci yana goge takalmi.

"Direba! Yau mota ta daina tari, na ji ta kamar amarya."

Mode ya buɗe baki. Ya kalli takalmin nan, ya kalli bel ɗin da ke rataye a ƙofa. Ya ce, "Filta ce na canza."

Aka kira salla. Ya ce a ranshi bari ya yi salla tukuna, zai samo dabara.

Suna raka'a ta biyu aka ji ƙara, sai ihu.

Rifkatu ce ta kyasta ashana. Wutar ta kama rigarta da gashinta. Ni wannan wurin ba na son faɗa.

A motar Mode aka kai ta asibiti. Irmiya yana rungume da ita cikin bargo yana cewa, "Taka, ɗan'uwana, taka, Allah ya biya ka." Ba ta kai Litinin ba.

Kowa ya ce mai kananzir ne ya gauraya shi da fetur. Har samari suka fara neman Tambari mai kananzir na bakin kasuwa. Mode yana ji, ya bar su suna nema.

Da Tani ta dawo daga gaisuwa, ta tsaya a kanshi.

"Malam, ban sayi kananzir wurin Tambari ba satin ga. Mi ka zuba cikin kwalbata?"

"Rage murya."

"Ka sani tun rana ba ta hwaɗi ba?"

"Na ce ki rage murya!"

Ta ɗauki mayafinta. Ta shiga gidan Monika, gaban mata masu zaman makoki, ta durƙusa ta faɗi komai.

Mode ya zauna yana jiran bulala, yana jiran motar soja. Ba ta zo ba. Irmiya ne ya zo shi kaɗai, ba kaki, idonshi ya kumbura. Ya tsaya a zaure.

Ya ce, "Ka tsaya gabana. Muka yi maganar mota."

Ya juya ya tafi.

Tani ta koma ƙauyensu. A unguwar ba wanda ya sake shiga motar Mode, ko gawa ba a ba shi ya ɗauka.

Darasi: In ka san abin da zai cuci wani, faɗa yanzu, ko kai za a daka. Bulala tana warkewa. Kuma don Allah kar a zuba fetur a kwalbar kananzir, kar a ɓoye wa mutanen gida. Ku tura wa wasu, ko mutum ɗaya ya tsira.